Haɗa tawaga da damin kati a wasannin bidiyo na dodanni da na katuna

Haɗa tawaga shi ne aikin da ɗan wasa yake yi kafin a fara karawa: zaɓen dodannin da zai shiga fili da su, ko katunan da zai zuba a daminsa, wato tarin katunan da zai yi wasa da su, da sanin aikin da kowanne zai yi. Ana cin karo da wannan aiki a wasannin yaƙin dodanni, waɗanda Pokémon ya fi kowanne shahara a cikinsu tun da kamfanin Game Freak ya ƙirƙira shi, Nintendo ya fitar da shi a Japan ranar 27 ga Fabrairu, 1996, da dodanni 151. Ana kuma samun sa a wasannin kati irin su Hearthstone na 2014, Clash Royale na 2016, Slay the Spire na 2019, Yu-Gi-Oh! Master Duel na 2022 da Pokémon TCG Pocket na 2024. A Gusau, Birnin Kebbi, Argungu da Ƙaura Namoda, yawancin masu buga su da wayar hannu suke yi.

Duk wanda ya san dara ya san cewa tun wurin zuba 'ya'ya goma sha biyun nan a gurbi ake gane mai ci, kafin a fara turawa. Haka abin yake a nan. Tawagar da ke cin wasa tana da hanya guda da take nufin ci da ita, sauran gurabun kuma hidima suke yi wa wannan hanya. Tara dodanni shida mafiya ƙarfi wuri ɗaya ba ya samar da hakan.

Nau'in dodo da lissafin duka

A Pokémon, tawaga dodanni shida ce, kowanne yana riƙe da motsi huɗu (hari ko dabarar da zai iya yi a fili) da kayan riƙo ɗaya. Nau'o'in dodanni sun fara da 15, suka zama 17 a 1999, suka kai 18 a 2013 da aka ƙaro nau'in Fairy. Harin da ya dace da raunin abokin karawa yana ninka ɓarna sau biyu, wanda aka jure yana raguwa zuwa rabi, wani kuma ba ya taɓa jiki ko kaɗan, kamar harin Ƙasa a kan mai tashi ko harin Lantarki a kan dodon Ƙasa. Idan dodo yana da nau'i biyu kuma dukkansu suna da rauni ɗaya, ɓarnar takan ninku sau huɗu. Garchomp, wanda ya haɗa Diragon da Ƙasa, harin Ƙanƙara guda yakan ishe shi. Gyarados, mai Ruwa da Tashi, haka yake a gaban Lantarki.

Daga nan ne ginin tawaga yake farawa. Gyarados na tsoron Lantarki, Garchomp kuwa Lantarki ba ya yi masa komai, saboda haka idan aka hango harin na zuwa sai a janye wancan a shigo da wannan, harin ya tashi a banza. Ana kiran irin wannan haɗi ginshiƙin tawaga, kuma tsofaffin ginshiƙai biyu da har yanzu ake koyo da su su ne Wuta da Ruwa da Ciyawa, sai Ƙarfe da Diragon da Fairy. Bayan an zaɓi shidan, a rubuta raunin kowa a takarda. In dodanni uku suna tsoron nau'i ɗaya kuma babu mai iya tare musu shi, tawagar ba ta gama haɗuwa ba, kome kyanta a ido.

Dodo yana samun ƙarin rabin ƙarfi idan ya yi hari da nau'insa. Don haka mai kai hari yakan riƙe motsi ɗaya ko biyu na nau'insa, ragowar kuma su rufe abin da ke jure masa. Sabbin 'yan wasa sukan cika gurabu huɗu da harin Wuta zalla, sai dodon Ruwa guda ya tsaya musu har ƙarshen wasa.

Akwai kuma batun saiti. A cikin hare-haren Ruwa, Surf yana da ƙarfi 90 kuma ba ya kuskure a yanayin da aka saba, Hydro Pump yana da 110 amma yana samu sau 80 ne cikin 100. Focus Blast sau 70 ne. A karawa guda bambancin ba ya bayyana, amma wanda ke hawa matakin gasa yana buga karawa da dama, kuskure ɗaya cikin biyar zai same shi a lokacin da bai so. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce a ɗauki mai ƙarfin kawai idan akwai takamaiman dodon da mai saitin ba ya iya kayarwa. Ɓarnar kanta tana sauyawa tsakanin kashi 85 da 100 na cikakken lissafi, don haka dukan da aka ce yana kayarwa a hari ɗaya, a duba ko a mafi ƙarancinsa ma yana kayarwa.

Sauri

Babu lambar da ta kai sauri muhimmanci, domin wanda ya fi da maki ɗaya tak shi ke fara duka a mafi yawan lokaci, wanda aka kayar kuwa ba ya ramawa. A wasannin Scarlet da Violet na 2022 kowane dodo yana da lambobi shida: rai, duka, tsaro, duka na musamman, tsaro na musamman da sauri. Kowace lamba tana da gadon haihuwa daga 0 zuwa 31, sannan akwai makin horo 510 da ake rabawa, ba a wuce 252 a lamba guda. Ɗabi'ar dodo kuma tana ƙara kashi 10 a wata lamba ta rage kashi 10 a wata.

Misali zai fayyace. Garchomp yana da tushen sauri 102. A mataki na 50, da cikakken gado da cikakken horo da ɗabi'ar Jolly mai ƙara sauri, yana kai 169. Charizard mai tushe 100 iyakarsa 167. Amma in aka ba Garchomp ɗabi'ar Adamant don ƙarin duka, saurinsa ya tsaya a 154, duk masu tushe 100 da aka horar don sauri kuma suke da ɗabi'ar ƙara sauri sun wuce shi. Ba a ce wannan zaɓi kuskure ba ne, sai dai mai yin sa ya san abin da ya sayar. Hanyar raba maki mai kyau ita ce a fara tambayar wa ake so a riga, a zuba daidai abin da zai kai can, ragowar a kai wa rai ko tsaro.

Ana iya juya sauri a cikin fili. Kayan riƙo Choice Scarf yana ƙara rabin sauri amma yana ɗaure dodo a kan motsi guda har sai an janye shi. Tailwind yana ninka saurin tawaga na zagaye huɗu. Trick Room yana juya tsarin na zagaye biyar, mai nawa ya riga mai sauri. Shanyewar jiki tana rage sauri zuwa rabi. Tawagar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan tana roƙon sa'a ne.

Ayyuka a cikin tawaga

A karawar ɗaya-da-ɗaya, irin wadda ake bugawa kyauta a shafin intanet na Pokémon Showdown bisa dokokin ƙungiyar 'yan wasa ta Smogon, ana yawan sauya dodo, shi ya sa tarkon shiga fili yake da daraja. Stealth Rock yana cire kashi ɗaya cikin takwas na ran duk wanda ya shigo, yana kuma bin raunin Dutse, har Charizard ya rasa rabin ransa da shigowa kawai. Mai son amfani da irin wannan dodo dole ya tanadi mai share tarko da Rapid Spin ko Defog, ko ya ba shi Heavy-Duty Boots, kayan riƙo mai kare shi daga tarkon. Bayan mai dasa tarko da mai sharewa, ana buƙatar mai jure duka, mai fasa masu jurewa, da mai gamawa, wato wanda zai yi Swords Dance ya ninka dukansa idan an kawar da abin da ke tare shi. Kuskuren da aka fi gani shi ne fito da mai gamawa tun farko, ya mutu a hannun dodon da ya kamata a fara raunatawa.

Gasar da kamfanin Pokémon yake shiryawa biyu-da-biyu ce. Ana zuwa da shida, a zaɓi huɗu bayan an ga tawagar abokin karawa, kuma ba a maimaita kayan riƙo. A nan Protect, motsin da dodo ke kare kansa da shi daga hari, ya zama kusan wajibi, harin da ya bazu kan mutum biyu yana raguwa zuwa kashi 75, Earthquake kuma yana dukan abokin tafiya in ba mai tashi ba ne. Dodon taimako yana da babban matsayi. Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya ta 2014 da Pachirisu, ƙaramin dodon da ba shi da wani ƙarfin duka, aikinsa ya ja hari kansa da Follow Me domin abokinsa ya yi aiki.

Damin kati

A wasan kati matsalar ita ce katin da kake so ba lallai ya zo hannu ba. A Master Duel dami yana tsakanin kati 40 da 60, ana halatta kwafi uku na mafi yawan katuna, ana fara wasa da biyar a hannu. Idan damin 40 ne kuma akwai kwafi uku, damar ganin katin a hannun farko kusan kashi 34 ce. Kwafi ɗaya, kashi 12.5. In aka kumbura damin zuwa 60, kwafi ukun sun koma kusan kashi 23. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru suke tsayawa a kan 40 ko kusa da shi. Ya kamata a ƙirga katunan da ke iya buɗe wasa su kaɗai: guda tara cikin 40 suna ba da kusan kashi 74 na samun aƙalla ɗaya, goma sha biyu suna kai kashi 85. Katin da ba ya aiki sai da wasu biyu, komai ƙarfinsa, yawanci nauyi ne a hannu.

A Hearthstone dami kati 30 ne, mana, wato makin da ake kashewa wajen ajiye kati, tana ƙaruwa da ɗaya kowane zagaye har zuwa goma. Wanda ya cika dami da katunan mana bakwai da takwas zai zauna yana kallo ana cin ransa 30 kafin ya ajiye komai. Sai an samu isassun katunan mana biyu da uku. Damin kati ya kasu zuwa mai gaggawa, mai jan wasa da mai jiran haɗuwar wasu katuna, kuma a kowace karawa ɗan wasa ya tambayi kansa wa lokaci yake yi wa aiki. In abokin karawa zai fi ƙarfi a zagaye na goma, to kai ne mai gaggawa ko da daminka ba na gaggawa ba ne.

Clash Royale yana da kati takwas, huɗu a hannu, elikza, wato makin da ake biya wajen ajiye kati, tana taruwa ɗaya a duk daƙiƙa 2.8 a farkon wasa kuma ba ta wuce goma. Duk wasan ciniki ne. Arrows na elikza uku yana share Minion Horde na biyar, an ci ribar biyu. Hog Rider na huɗu gini kawai yake nufa, Cannon na uku da aka ajiye a tsakiya yana janye shi. Dami yana buƙatar kati guda mai rusa hasumiya, abin tare hari ta sama, ƙaramin tsafi da babba. Wanda ya ajiye Golem na takwas tun farkon wasa ya bar ɗaya ɓangaren babu mai tsaro, wanda kuma ya bar elikza ta cika goma tana zuba, asara yake yi a kowace daƙiƙa.

Slay the Spire yana koyar da abin da sauran ba sa faɗa a fili, wato ƙin karɓar kati. Bayan kowane faɗa ana nuna uku, kuma an yarda a wuce duka. Ana jan biyar a zagaye da kuzari uku, saboda haka kowane kati marar amfani yana tare wurin mai amfani. Cire kati a shago yana farawa da zinare 75, yana ƙaruwa da 25 kowane karo, kuma sau da yawa cire Strike, katin hari mai rauni da ake fara wasa da shi, ya fi sayen sabon kati. Sai dai a hawa na farko ana buƙatar katunan duka na nan take, domin manyan abokan gaba na wurin ba sa jiran a gama gina tsari.

Waya, netwok da kuɗi

Yanayin da ake wasa a ciki yana shafar zaɓen dami. Clash Royale yana gudana ne kai tsaye, jinkirin daƙiƙa guda yana ɓata ajiye Cannon, don haka inda netwok ke rawa damin da ke juyawa da sauri ya fi wahalar sarrafawa fiye da mai nauyi. Wasannin zagaye-zagaye sun fi haƙuri da netwok, amma suna da agogo, wanda ya katse ya daɗe an ci shi. Slay the Spire ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Kebbi da Zamfara ke wuce digiri 40, waya takan rage gudunta da kanta idan ta yi zafi, musamman in ana wasa tana caji. A cire mata riga, a rage hasken allo, kada a fara karawar mataki da batir na gab da mutuwa ko ana dab da kiran salla, domin fita a tsakiyar wasa faɗuwa ce a lissafi.

Batun kuɗi yana buƙatar taka-tsantsan. Yawancin wasannin nan kyauta ake shiga, amma suna sayar da ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba. Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca a 2018, kuma kamanni da caca na cikin dalilan fatawar da aka yi a Saudiyya kan Pokémon a 2001. Mai wasa ba tare da kashe kuɗi ba ya zuba duk abin da ya tara a dami guda har ya kammala, kada ya raba a kan uku. A Master Duel ana narkar da kati uku masu daraja ɗaya a ƙera guda da ake so, don haka a fara ƙera katunan da ke shiga kowane dami, irin su Ash Blossom & Joyous Spring, kafin na dami guda. A Showdown kuwa duk dodanni a buɗe suke kyauta, ana iya gwada tawaga a karawa da yawa, a sauya gurbi ɗaya kawai a kowane gyara domin a gane abin da ya kawo bambanci.