Ma'anar "tarihi", da iyakar da mai ba da labari ba ya tsallakawa

Kwanakin nan da wuya ka buɗe rediyo ko waya ba ka ci karo da kalmar tarihi ba. Gwamna ya buɗe gada, a ce ya kafa tarihi. Sojan baka yana cikin shirin siyasa na dare, gardama ta yi zafi, sai ya jefo "ai tarihi ya nuna", wai shi ke nan ya kashe bakin kowa. A TikTok kuwa ga bidiyoyi nan birjik, muryar na'ura da hotunan da kwamfuta ta zana, an rubuta a sama Tarihin Sarauniya Amina ko Tarihin Bayajidda. Na 'yan siyasa kowa ya san zuzutawa ce, ba sai an tsaya a kai ba. Ruɗanin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yana tsakanin masu karatu ne, mutanen da suke son abin da gaske.

Za ka ji wani ya ce littafin da ya riƙe ka har asuba ba ka ajiye ba, to da walakin, "wannan ai labari ne kawai." A wurinsa tarihi na ƙwarai shi ne jerin sarakuna da shekarunsu, wanda kake karantawa kana gyangyaɗi. Wani kuma duk abin da aka ce ya faru a zamanin dā, in dai ya yi masa daɗi, ya zama tarihi, musamman idan marubucin da yake ƙauna ne ya faɗa. Dukansu da daɗi suke auna abin, alhali daɗi ba shi da ta cewa a wannan shari'a.

Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anar ta'rikh shi ne sanya wa abu lokacinsa. Har yau kwanan watan da Balarabe ke rubutawa a saman wasiƙa tarikh yake kiransa. Malamai suna kawo cewa a zamanin Halifa Umar an kawo masa wata takarda da aka rubuta Sha'aban a kai, sai ya tambaya: wane Sha'aban, na bana, na bara ko na baɗi? Daga irin wannan tambaya aka zauna aka tsayar da Hijira a matsayin mafarin ƙirga, wajen shekara ta 17. Tun tushe ke nan, tarihi labari ne da zai iya amsa tambayar yaushe, daga baya malaman ruwaya suka ƙara masa ta biyu: wa ya faɗa maka? Tatsuniya ba ta ɗaukar wannan nauyi, kuma ba ta ɓoyewa. Kaka tana gamawa za ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ni ina girmama tatsuniya saboda wannan gaskiya tata.

A ɗauki shekarar 1903, don a ga iya abin da marubuci zai iya yi ba tare da ya ƙaga komai ba. Ranar 3 ga Fabrairu sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da mafi yawan mayaƙansa. Labarin ya riske shi a hanyar dawowa. Cikin dare ya bar rundunar ya yi arewa, daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Rundunar da ya bari ta rabu: Waziri Ahmadu ya fuskanci Turawa a Kwatarkwashi ya faɗi a fagen fama, Wambai Abbas ya dawo da jama'a Kano aka naɗa shi sarki. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda bai cika wata shida a kan gado ba, ya yi gabas da niyyar hijira, talakawa suna barin gonakinsu a farkon damina suna bin sa. A Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe ta yau, an kori Turawa a karon farko cikin watan Mayu. Sun dawo ranar 27 ga Yuli, aka kashe Attahiru da jama'a masu yawa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin kibiya ta kashe shi a ranar. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har bakin kogin Nilu a Sudan, kuma garin da suka kafa kusa da Sennar yana nan da sunansa, Mai Wurno.

Wannan labari ko a bushe aka faɗe shi yana taɓa zuciya. Gwanin marubuci kuwa yana da damar ya zaɓi inda zai fara, ya ɗauke ka daga sansanin Lugard, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya kai ka zauren Waziri a Sakkwato, ya tsaya ya kwatanta maka tsayin ganuwar Kano da yadda bindiga mai ruwa take yi wa mahayan da suka zo da masu da takubba, ya jinkirta maka labarin Burmi har sai ka san mutanen da za su mutu a can. Duk wannan halal ne a gare shi, kuma shi ne abin da ke sa mai karatu ya nemi duk wani littafi da mutumin ya rubuta. Kayan aikin ma suna nan da yawa: rahotannin hafsoshin Turawa, wasiƙun Larabci da sarakuna suka yi ta aika wa Sakkwato, waƙoƙin Hausa da Fulatanci na zuwan Nasara, da bayanan dattawan da suka ga abin da idonsu waɗanda masu bincike suka tarar da rai.

Inda ba shi da dama shi ne daren da Alu ya bar runduna. Babu wanda ya shiga zuciyar Sarki ya rubuta abin da yake saƙawa. Ruwayoyi sun saɓa a kan dalilinsa, wasu sun ce tsoro ne, wasu sun ce hijira ya nufa kamar yadda Attahiru ya yi daga baya. Marubucin tarihi zai shimfiɗa maka su, ya ce an ce, ya ce wane ya ruwaito, in yana da ra'ayi ya faɗa a matsayin nasa. Ranar da ya sa wa Alu magana a baki, ya ce ya dubi taurari ya furta kaza, to ya fita daga tarihi ya shiga ƙagaggen labari. Ƙagaggen labari ba abin kunya ba ne, fanni ne mai daraja, amma a kira shi da sunansa. Abin da masu bidiyon nan suke yi ke nan ba tare da sun faɗa ba, kuma yara suna haddacewa suna kai wa makaranta.

Masu ganin bushewar rubutu ita ce shaidar gaskiya su ma ga tasu. Akwai wata gajeriyar wasiƙa da Lugard ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda Attahiru ya gada, ya aiko masa a 1902, wadda ke cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujjar kai farmaki. Takarda ce ta ofis, tana cikin rahoton gwamnati, ba ta da adon magana ko kaɗan. Duk da haka masana sun daɗe suna tababa a kanta, domin fassarar Turanci ce ta yaɗu, asalinta na Larabci ba a gan shi ba. Wanda ya kwafe ta cikin littafi mai sa barci bai fi mai bidiyo tsantseni ba. Marubucin da nake amincewa da shi shi ne wanda zai ba ni labarin wasiƙar da daɗinsa, sannan ya gaya mini cewa ita kanta abin tuhuma ce.

Kuma a ganina abin da aka samu a rubuce ya fi wanda ake ƙagawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Waziri Buhari na Sakkwato bai bi Attahiru ba. Ya tsaya da jama'ar da ba za su iya tafiya ba, ya koma gari ya sasanta da Turawa. Abin ya dame shi har ya nemi fatawar malamai ko ya yi daidai, daga baya ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana yadda aka yi shawarar da dalilin da ya sa ya zaɓi zama. Mutum ne da ya ga daular kakanninsa ta faɗi a hannunsa, yana kare kansa a gaban Allah da gaban mutane da alƙalaminsa. Risalar tana nan, an nazarce ta, an fassara ta, duk marubucin da ke son ya sa mu ji nauyin watan Maris na 1903 zai iya ɗauko ta ya karanta mana.