Waiwaye: Raina kotu da masu taya alƙali hukunci a Ingila

A watan Maris na 2023 wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar wata kotu a Landan riƙe da kwali. Ana shari'ar masu zanga-zangar sauyin yanayi, ita kuma ta rubuta wa masu taya alƙali hukunci, wato mutum 12 da ake ɗebowa daga jama'ar gari su yanke ko akwai laifi, cewa suna da ikon wanke wanda ake tuhuma bisa abin da zuciyarsu ta gamsu da shi. Aka nemi a gurfanar da ita kan raina kotu. A Afrilun 2024 Babbar Kotu ta ƙi ba da izini. Har yau ana ja-in-ja: tunatarwa ta yi, ko katsalandan?

Maganar ta daɗe. A 1670 an kulle masu hukunci kwana biyu ba ci ba sha saboda sun ƙi kama William Penn, wani mai wa'azin Kirista, da laifi. Aka ci su tara. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, aka ɗaure shi, daga baya kotu ta ce ba a hukunta mutum kan hukuncin da ya yanke. Akwai allon tunawa da su a kotun Old Bailey.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne 1967. Kafin nan sai duk mutum 12 sun yi baki ɗaya. Ke nan ɗan daba da ke da kuɗi ko makami mutum ɗaya kawai yake buƙata: ya saye shi, ko ya sa a bi matarsa har gida, shari'a ta watse. Ikon hukunta masu raina kotu bai iya maganin wannan ba, don alƙali yana hukunta abin da ya faru a gabansa ko aka kawo masa da hujja, cin hanci kuwa a ɓoye ake yinsa. Sai majalisa ta canza lissafi: mutum 10 cikin 12 sun isa, bayan sun tattauna aƙalla awa biyu. Gyaran ya yi amfani, ban musa ba. Amma daga ranar aka fara kallon mai hukunci a matsayin ƙofar da ɓarawo zai iya shigowa ta cikinta, aka daina ganinsa mai gadin gida.

Sauran matakai sun biyo sahu. Dokar 2003 ta ba da damar yin shari'a ba tare da masu taya alƙali hukunci ba idan ana tsoron katsalandan, aka fara amfani da ita a 2010 kan wani fashi da aka yi a filin jirgin saman Heathrow na Landan. A 2011 aka ɗaure wata mai hukunci wata 8 don ta yi hira a Facebook da wadda aka tuhuma a shari'ar.

Da irin wannan idon aka kalli kwalin dattijuwar, alhali ba ta tare kowa ba, ba ta yi wa kowa magana ba, kuma irin abin da ta rubuta yana manne a bangon Old Bailey.