Yadda Kamfanin Kokawa na WCW Ya Faɗi a Amurka

Shin da gaske ana tsara sakamakon reslin tun kafin a hau dandali?

Haka ne. A kowane kamfani akwai mai tsara wasa, wanda shi ke yanke wa zai yi nasara, wa zai riƙe kambu, da kuma watan da za a haɗa manyan abokan gaba. Wannan shawara ta kuɗi ce, domin 'yan kallo suna biya ne don su ga ƙarshen rigimar da aka daɗe ana hura wa wuta.

Me ya ɗaga WCW har ta sha gaban WWF, babban kamfanin da ke hamayya da ita?

Ted Turner, attajirin tashoshin talabijin, ya sayi kamfanin da ya zama WCW a 1988, kuma a 1995 Eric Bischoff, mai tafiyar da WCW, ya buɗe shirin talabijin na Nitro a daren Litinin, daidai lokacin da WWF ke nuna nata shirin, Raw. Da fitaccen ɗan kokawa Hulk Hogan ya rikiɗe ya zama mugu a wasan a Yulin 1996, aka kafa ƙungiyar miyagun 'yan kokawa ta nWo, Nitro ya yi makonni 83 a jere yana fin Raw yawan masu kallo.

To, ina aka kuskure hanya?

A ganina babban laifin shi ne barin 'yan kokawa su riƙa faɗa a ji a kan sakamakon wasanninsu. Kwantiragin Hogan ta ba shi ikon ƙin duk tsarin da bai yi masa ba. A Yulin 1998 aka sa Goldberg ya kayar da Hogan a filin Georgia Dome, amma kyauta aka nuna wasan a talabijin, alhali wasa ne da mutane za su biya kuɗi su kalla. A Disamba kuma Kevin Nash ya kawo ƙarshen jerin nasarorin Goldberg, bayan Scott Hall ya sa wa Goldberg sandar lantarki.

Abin da ya fi ci wa magoya baya rai ya faru ranar 4 ga Janairu, 1999. Hogan ya taɓa ƙirjin Nash, wanda ke riƙe da kambu, da ɗan yatsa, Nash ya zube kamar an harbe shi, aka ƙirga uku, kambu ya koma hannun Hogan. A daren ne mai sharhin Nitro ya tona cewa Mick Foley zai ci kambu a Raw, da nufin hana mutane sauya tasha, sai jama'a da yawa suka koma can.

Tsarin wasa ne kaɗai ya kashe kamfanin?

A'a, akwai albashi mai nauyi da asara mai yawa a shekarar 2000, shekarar da aka bai wa ɗan fim David Arquette kambun duniya. Bayan haɗewar kamfanin AOL da Time Warner, wanda ya mallaki WCW, sababbin shugabanni suka cire shirye-shiryen WCW daga tashoshinsu, kuma ba tare da gurbin talabijin ba masu niyyar saye suka janye. A Maris ɗin 2001 Vince McMahon, mai kamfanin WWF, ya sayi WCW a kan 'yan miliyoyin daloli.