Dalilin da Yahudawa Ke Rera Addu'a: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa kusan komai a majami'ar Yahudawa rerawa ake yi?

Domin karatun Attaura a bainar jama'a yana da ƙa'idar ƙira'a. Malaman Masora, masu tsare nassin littattafan Yahudawa, na birnin Tabariyya, musamman gidan Ben Asher a ƙarni na 10, sun sa wa kalmomi ƙananan alamomi a sama ko a ƙasa, ana kiran su te'amim. Aiki uku suke yi: su nuna gaɓar da za a ƙarfafa, su nuna inda za a tsaya ko a haɗe, sannan su ba da karin sauti. Alamar etnahta, alal misali, ita ke raba aya gida biyu.

Wahalar ita ce, naɗaɗɗiyar fatar da ake karantawa ba ta da wasali ko alama ko ɗaya. Sai makaranci ya haddace su tun a gida, daga littafin tikkun mai shafi kashi biyu, ɗaya da alamomi, ɗaya babu. Mutum biyu ke tsayawa a gefensa, idan ya yi kuskuren da ya canza ma'ana su mayar da shi.

Shin karin sautin na ƙara wani abu ga ma'ana?

Ƙwarai kuwa, nan ne ma daɗin abin yake. Akwai wata alama, shalshelet, wato sarƙa, wadda sau 4 kacal ta zo a Attaura. Murya kan hau ta sauka, ta sake hawa, har kalma ɗaya ta ci lokacin jimla guda. Tana kan kalmar “ya yi jinkiri” lokacin da aka ce wa Lutu ya bar Saduma, tana kuma kan “ya ƙi” lokacin da matar maigidan Yusufu ta neme shi. Kunne na jin kokawar da ke cikin zuciyar mutumin tun kafin wani malami ya yi sharhi. Mai karatun zuci zai wuce wurin da gudu, mai rerawa kuwa dole ya tsaya.

Ina kayan kiɗa?

A Haikalin Kudus Lawiyawa, masu hidimar wurin, sun yi waƙa da garayu da kuge. Bayan Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya, aka bar kiɗa don makoki, malamai kuma suka hana taɓa kayan kiɗa ranar Asabar, kada tsirkiya ta tsinke a gyara ta, gyara kuwa aiki ne. Masu ra'ayin sauyi a Jamus sun shigo da ogan, babban abin kiɗan coci, a majami'ar Hambug a 1818, amma masu riƙon gargajiya murya zalla suke amfani da ita har yau. Ƙahon rago kawai ya rage, wanda ake busawa sau 100 a bikin sabuwar shekara.

Mene ne piyyut?

Rubutacciyar waƙa ce da ake sakawa cikin addu'a. Ta bunƙasa a ƙarni na 6 da na 7 a hannun mawaƙa irin su Yannai da Eli'azar Kallir. A ƙarni na 10 Dunash ben Labrat, haifaffen Fas da ya yi karatu a Bagadaza ya zauna a Kurɗuba, ya ɗora Ibrananci a kan ma'aunin arulin Larabci. Wasu na zamaninsa sun zarge shi da lanƙwasa harshen. Wanda ya san yadda malamanmu suka auna waƙoƙin ajami da bahar irin su kamil da wafir zai gane irin aikin nan take.

Misali mafi shahara shi ne Leka Dodi, ta Shlomo Alkabez na garin Safad, ƙarni na 16. Baitoci 9 ne da amshi, harufan farko na baitoci 8 na ba da sunan mawaƙin. Da yammacin Juma'a ana fara rera surori 6 na Zabura, ɗaya don kowace ranar aiki, a ƙare da ta 29, wadda ta ambaci “muryar Ubangiji” sau 7, a kan ruwaye da tsawa da jeji. Sai a rera Leka Dodi, a baitinta na ƙarshe jama'a kan miƙe, su juya wajen ƙofa su rusuna, suna tarar Asabar kamar amarya.

Wa ke zaɓar karin da za a yi?

Al'ada ce, ba son ran mai jan addu'a ba. Yahudawan Halab suna bin maƙamai, wato salon karin waƙar Larabawa, bisa sashen Attaurar da ake karantawa a makon: Rast idan aka faro Attaura, Hijaz a makon rasuwar Saratu, Ajam a makon tsallaka teku, Saba idan ana zancen kaciya. Mutum na shiga, amon kaɗai ya sanar da shi labarin ranar. Da hunturu kuma suna da bakkashot, waƙoƙin roƙo na kafin asubar Asabar. A majami'ar Ades ta Kudus, wadda aka kafa a 1901, ana farawa da misalin ƙarfe 3 na dare.

'Yan ɗariƙar Hasidim na gabashin Turai, tun ƙarni na 18, sun bi wata hanya: niggun, kari marar kalmomi da ake maimaitawa har zuciya ta natsu.

Ta ina abin ke ɓaci?

Galibi daga mai jan addu'a, wato hazan. Idan ya ɗauki murya sama da ƙarfin jama'a, sai su yi shiru su koma 'yan kallo. Idan ya aro karin da bai dace da tsawon jimla ba, sai ya yanke numfashi a tsakiyar magana, ko ya maimaita kalma don cike gurbi, abin da malamai da dama suka hana. Wani kuma kan sa karin murna a kan ayar makoki don bai san abin da take faɗa ba. Shi ya sa mai koyo nagari ke fara karanta nassin ba rerawa, ya sa alama a wuraren tsayawa, ya gwada muryarsa da ta dattijon da ya fi kowa rauni a sahu, kafin ya ɗora kari.