Me ya sa injin mota ke shan baƙin mansa, kuma gwangwanin tare mai yana magani?

Ta ina baƙin mai ke bi har ya shiga hanyar iskar inji?

Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistan, wani ɗan hayaƙi kan sulale ta gefen zobban fistan ya gangara ƙasan inji, inda baƙin mai yake kwance. Ko sabon inji yana yin haka. Idan hayaƙin nan bai sami mafita ba, zai taru ya tura sil da gasket har mai ya fara tsiyaya. A da, bututu ake saka masa ya fita waje kawai. Jihar Kalifoniya a Amurka ce ta fara tilasta wa sababbin motoci, tun 1961, su mayar da shi cikin inji ya ƙone, ta wani ɗan bawul da ake kira PCV. Matsalar ita ce hayaƙin ba ya tafiya shi kaɗai, yana ɗauke da tururin mai da ruwa da ɗanyen fetur.

To mene ne illar hakan?

Cire tiyon iska ka zura yatsa, za ka fito da shi da maiƙo baƙi ƙirin. A tsofaffin injuna, fetur yana bi ta bayan bawul ɗin shigar iska yana wanke maiƙon da ya sauka a kansa. Amma a injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, babu mai wanke shi, sai maiƙon ya gasu ya zama dauɗa mai tauri kamar gawayi. Daga nan mota ta fara rawa in tana tsaye, ƙarfinta ya ragu. Tururin man yana kuma sa fetur saurin kamawa kafin lokaci, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, musamman mai turbo.

Yaya gwangwanin yake aiki?

Ana ɗaura shi a kan tiyon da ya taso daga PCV zuwa hanyar iska. Hayaƙi yana shiga ya bugi raga ko farantan da ke ciki, mai ya ɗiga ƙasa, iska ta wuce. Ka leƙa ciki kafin ka saya. Wanda ba raga ba faranti, wallahi ado ne kawai.

In saka shi ke nan na huta?

A'a. Ni dai shawarata, fara duba PCV ɗin da tiyoyinsa. Bawul da ya maƙale a buɗe ya isa ya sa inji zuƙar mai fiye da kima, kuma canza shi ba wuya. In zobban fistan ne suka cinye, gwangwani zai yi ta cika ne, ba zai gyara su ba. Kuma ba ya kankare dauɗar da ta riga ta kama.

Sai kuma zubar da abin da gwangwanin ya tara. Ka riƙa duba shi akai-akai har ka san saurin cikarsa, don in ya cika, inji zai fara zuƙar abin da ya tara. Inda sanyi ke daskarar da ruwa, abin cikin na iya ƙanƙarewa ya toshe hanya.

Zan iya mayar da abin da ya tara cikin inji?

Kada ka kuskura. Cakuɗe yake da ruwa da fetur. Haɗa shi da tsohon baƙin mai ka kai inda ake tattarawa.