U.K., ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila

U.K. wata ƙungiyar makaɗa ce ta Ingila da aka kafa a Landan a 1977, ta kuma watse wajen farkon 1980, wato ko shekara uku cikakku ba ta yi ba. Salon kiɗansu shi ne wanda ake ce wa prog rok, irin rok ɗin nan mai dogayen waƙoƙi da yawan sauya taku, ana ɗan aro daga jaz da kuma kiɗan kilasik na Turai. A waɗannan shekarun faifai biyu kacal suka naɗa a situdiyo, sai ɗaya na kan dandamali.

Kafuwa

Asalin abin daga wata ƙungiyar prog rok mai suna King Crimson ya samo tushe. John Wetton mai bas jita kuma mai rera waƙa, da Bill Bruford mai ganga, duk suna cikinta har jagoranta Robert Fripp ya rushe ta a 1974. A 1976 su biyun sun gwada haɗa kai da Rick Wakeman na ƙungiyar Yes, sun ɗan yi atisaye amma abin bai je ko'ina ba, wasu na cewa kamfanin faifan Wakeman ne ya hana. Daga nan sai suka yi shawara kowa ya kawo mutum ɗaya da yake so. Wetton ya kawo Eddie Jobson, wanda ya sani tun a ƙungiyar Roxy Music kuma lokacin yana tare da makaɗin Amurka Frank Zappa, yaro ne ɗan shekara 22 mai kaɗa kibod da goge na lantarki, shi kuwa Bruford ya ɗauko Allan Holdsworth mai jita wanda ya yi aiki da ƙungiyoyin Soft Machine da Gong da kuma mai gangar jaz Tony Williams. To tun a wannan zaɓen ake iya hango inda rigima za ta ɓullo, domin biyu sun karkata ga waƙa mai tsari, biyu kuma zuciyarsu na wajen jaz.

Faifan farko

Faifan farko mai sunan ƙungiyar ya fito a 1978 a ƙarƙashin E.G. Records, an naɗe shi a Trident Studios da ke Landan, daidai lokacin da kiɗan punk ya mamaye Ingila ana ta yi wa 'yan prog kallon tsofaffin yayi. Ya buɗe da In the Dead of Night, waƙa mai kashi uku a jere, kuma takunta ƙirga bakwai ne maimakon huɗun da kunne ya saba, shi ya sa in mutum ya ce zai bi ta da tafi sai ya ji kamar an sace masa bugu ɗaya. A tsakiyarta Holdsworth yake shigowa da jitarsa, sautin na malala ba a jin karon tsinke kan tsirkiya sosai, kai ka ce busa ake yi, kuma har yau masu koyon jita na komawa wannan wurin. Waƙar Alaska kuwa Jobson ne ya buɗe ta da kibod ɗinsa Yamaha CS-80. Gogensa ma abin kallo ne, na roba ne garau ana hango abin da ke bayansa.

Rabuwa da zama mutum uku

Bayan rangadin Amurka a 1978 sai aka raba gari. Abin da aka fi faɗa shi ne Wetton da Jobson na so Holdsworth ya riƙa maimaita abin da ya kaɗa a faifai kowane dare, shi kuma ya ce sam, ba ya kaɗa abu ɗaya sau biyu. Holdsworth ya fita, Bruford ma ya bi, suka ci gaba tare a ƙungiyar Bruford. Ko korarsu aka yi ko su suka tafi, kowa da yadda yake ba da labarin.

Ba a nemi wani mai jita ba, sai aka kawo Terry Bozzio, Ba'amurke mai ganga daga wajen Zappa, suka zama su uku. Faifansu na biyu, Danger Money, ya fito a 1979, ya fi na farko sauƙin shiga kunne, ko da yake waƙar Carrying No Cross ta haura minti 12. A shekarar suka je Japan aka naɗi wasanninsu na Tokyo a faifan Night After Night, suka kuma yi rangadi suna share wa ƙungiyar Jethro Tull fage. Nan ma saɓani ya sake tasowa, Wetton na son gajerun waƙoƙi da rediyo zai ɗauka, Jobson na son dogaye.

Bayan watsewa

Jobson ya yi aiki da Jethro Tull a faifan A na 1980, Wetton ya shiga kafa ƙungiyar Asia wadda ta yi kasuwa sosai a 1982, Bozzio kuma ya kafa Missing Persons. Wetton da Jobson sun sake haɗuwa da sunan U.K. suka yi wasanni tsakanin 2011 da 2015. Wetton ya mutu a Janairun 2017, Holdsworth kuma a Afrilun shekarar.