Ƙonewar bawul a tsohuwar mota: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Mene ne ƙonewar bawul?

Bawul shi ne ɗan murfin ƙarfen da ke buɗe wa silinda hanyar shigar iska ko ta fitar hayaƙi, ya kuma rufe ta. Ƙonewarsa ita ce bakinsa ya cinye ko ya tsage, har ya daina toshe silinda. Kusan kullum bawul ɗin fitar da hayaƙi ne, don ta kansa wuta take bi, zafinsa kan kai digiri 700 zuwa 800. Na shigar da iska yana samun sanyin iska da fetur, da wuya ya ƙone.

Akwai maganin da zan zuba a tanki ya gyaru?

Babu. Ƙarfen da ya narke ba ya dawowa. Ajiye kuɗinka.

Injina shiru yake, ko ƙarar tafet (abin da ke danna bawul) ba ya yi. Ta yaya bawul zai ƙone?

Wannan shirun shi ne abin tsoro. Bawul ba shi da ruwa, ba shi da fanka. Yawancin zafinsa yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa cikin tofsilinda, wato murfin saman inji. Mota in ta ci dubban kilomita, mazaunin yana lotsawa a hankali, bawul ya ƙara nutsewa, tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke danna shi ta ragu har ta ƙare. Da inji ya ɗauki zafi ƙarfe ya miƙe, sai bawul ya kasa rufewa. Wuta ta samu 'yar kafa, ta riƙa bi tana cin bakinsa kamar wutar walda. Bawul mai ɗan kas-kas yana da tazara, yana rufewa. Wanda ya yi tsit shi ne ke hanyar ƙonewa. Don haka a daina matsa wa bakanike ya "ɗaure tafet har ƙarar ta ɓace".

Honda CR-V ta 1997 zuwa 2001 mai injin B20 ta yi suna da wannan cuta. Tazararta in inji ya huce: milimita 0.08 zuwa 0.12 a na shiga, 0.16 zuwa 0.20 a na fita. Corolla mai 1ZZ-FE kuwa 0.15 zuwa 0.25 a na shiga, 0.25 zuwa 0.35 a na fita, kuma ita ba ta da noti na seti, sai an canza kofin da ke kan bawul. Da ma'aunin tazara ake aunawa, ba da kunne ba.

To sauran dalilan fa?

Ƙarancin fetur a haɗin da ke shiga silinda: nozul mai fesa fetur ya toshe, famfon mai ya yi rauni, ko iska tana shiga ta tsagaggen tiyo ko gasket ɗin manifol, bututun da ke raba iska ga silindoji. Taimin da ya yi latti, har wuta ta fita tana ci. Dattin gawayi da ya maƙale a mazauni. Gayid (bututun da sandar bawul ke kai-komo a ciki) da ya cinye, bawul yana zama a karkace. Sai yawan tafasa, musamman a lagireton da aka shekara ana ɗura masa ruwan rijiya. Motar da aka mayar ta gas ma a sa mata ido: gas busasshe ne, mazaunin bawul yana saurin lotsawa a injin da ba a yi shi don gas ba, saboda haka a riƙa auna tazara akai-akai.

Na canza fulogi sau biyu da koyil, har yanzu tana karkarwa. Me zan sake canzawa?

Kada ka sake canza komai. Tun farko awon kamfureshan, wato ƙarfin matsin iska a silinda, ya kamata a yi. A cire fulogi duka, a danne totur, a auna kowace silinda. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. In awon ya tashi, ring ɗin fistan ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Don a tabbatar, a kai fistan sama, bawuloli a rufe, a hura iska cikin silindar a saurara: huci a bakin salansa, bawul ɗin fita, huci ta wajen shigar iska, na shiga, kumfa a lagireto, gasket. Kuma kafin a kwance tofsilinda a duba tazara. Wani lokacin bawul matsewa kawai ya yi, bai kai ga ƙonewa ba, seti ya isa.

Zan iya lallaɓawa da ita haka?

Zuwa gareji, eh. Zuwa wata uku, a'a. Ɗanyen fetur zai wanke man jikin silinda, ya gangara cikin baƙin mai, ya kuma dafa katalis, tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. In ɓallin bawul ya faɗa kan fistan, magana ta wuce ta bawul.

In gyara tofsilindar, in sayi ta Baljiyam, ko in sauya inji gaba ɗaya?

Nan kam babu amsa ɗaya, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci bai buɗe injin ba, cinta yake yi. Ya danganta da lafiyar ƙasan injin. In sauran silindoji awonsu ya yi kyau, mota ba ta shan mai, ba ta shuɗin hayaƙi, gyaran sama ya wadatar, kuma kwantar da hankalinka, aiki ne da ake yi kullum. Amma a yi shi cikakke: sabon bawul a gurbin wanda ya ƙone, a duba sauran na fita tunda shekarunsu ɗaya, a jijjiga kowanne a gayid ɗinsa a ga ko yana wasa, a canza bawul sil (robar da ke hana mai bin sandar bawul) duka. Mazaunin da ya yi rami sai an kai wurin masu injin yanka. Gurzawa da man giraindin ba ta cike rami, faɗaɗa shi take yi. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar tofsilinda, in lanƙwasar ta wuce abin da kamfani ya yarda, galibi wajen milimita 0.05, a kankare. Bayan an mayar da bawuloli a tofsilinda, a zuba kananzir a ramukan shigar iska da fitar hayaƙi a jira a ga ko zai tsattsafo ta bakin bawul. Sabon gasket, a ɗaure kusoshi da sifanar awo bisa jeri, daga tsakiya zuwa gefe. In mai taimin bel ce, a canza shi tunda an riga an kwance.

Tofsilindar Baljiyam kan fi sauri, wani lokacin ta fi araha, sai dai ba ka san nisan da ta ci ba. In ka saya, a yi mata gwajin kananzir kafin a ɗaura. In kuwa awon da aka zuba mai ya nuna ring ya gaji, ko silinda ta yi zane, gyaran sama kaɗai zai iya barinka da motar da ke da ƙarfi amma tana shan mai. Ba lallai hakan ta faru ba, amma tana faruwa. A nan sai ka haɗa kuɗin ring da metal da aiki, ka gwada da farashin inji, ka kuma duba ko jikin motar ya cancanci ɗayansu.

An gyara, bayan wata shida ya sake ƙonewa a silinda ɗaya. Bawul ɗin jabu ne?

Zai yiwu, amma fara da nozul ɗin wannan silindar da gasket ɗin manifol. An canza bawul, an bar abin da ya ƙona shi. Kuma an sake auna tazara bayan gyaran?